Juma'ar da Aka Sauka Don Inna

Zafin bazarar bana ne ya tono mini wata bazara da na daɗe ina kauce wa tunawa. Kwanakin baya na raka Ummi, ɗiyar yayana, ta yi rajista a jami'ar da na yi karatu, wadda ke bayan garin Daura. Tun daga bakin ƙofa iska mai zafi ta mare ni a fuska yadda ta saba yi mini a da. An yi gine-gine, an zuba kwalta a inda muke nutsewa cikin rairayi. Ni dai ina ta waige-waige, abu ɗaya nake nema, darbejiyar bayan laburare. Tana nan, ta ƙara kauri ma, sai dai babu kowa a gindinta in ban da wani mai rake da yake gyangyaɗi.

Ummi ta ce, "Gwaggo, me kike kallo a jikin bishiya?"

Na ce, "A nan muke ɗibar intanet."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ba ta da laifi. Su yanzu suna kwance a kan gado abin yake iske su.

A zamaninmu makarantar sabuwa ce, ajujuwa kaɗan, sauran duk fili ne da sabara. Sabis ɗin waya ba ya isowa sosai, wani lokacin ma ka duba ka ga wayarka ta kama layin Nijar, ta yi maka barka da zuwa ƙasar da ba ka je ba. Waifai ɗaya ne a duk makarantar, wani farin akwati da aka kafa a bangon laburare kusa da taga. Ƙarfinsa bai wuce inuwar darbejiyar nan ba. In ka fita daga inuwa da taku kaɗan, ka fita daga duniya.

Mun san halinsa kamar yadda ake sanin halin maigida mai saurin fushi. Da sassafe yana da fara'a. Hantsi na yi, ɗalibai sun cika gindin bishiya, sai ya fara ja da baya. Da rana kuwa sai addu'a. In an ɗauke wuta kuma babu man janareta, kowa ya kama gabansa. Masu sammako su ke samun saiwar da ta fi kusa da taga. Akwai masu ɗaga waya sama har hannu ya sage, akwai wani ɗan Dutsi da ya rantse in ka sa waya cikin kwanon silba ta fi ja, kullum yana tafe da kwanonsa a jaka. Maza ƙwallo suke saukewa, mu mata fim da wa'azi, dukkanmu kuma in an tambaye mu sai mu ce takardun lakca ne. Lokaci ɗaya ne ya zama namu mu kaɗai, ranar Juma'a in maza sun tafi masallaci. A wannan ɗan tsakanin waifai yakan saki jiki, fim ya sauka kafin liman ya gama huɗuba.

Rashi ya koya mana wata al'ada da ban taɓa jin ta a wani wuri ba. In wani yana da buƙatar da ba ta jira, kamar tura aikin da za a rufe karɓa a ranar, ko cike neman tallafin karatu, sai ya miƙe ya faɗi buƙatarsa a gaban kowa. In an gamsu, sai a ce, "A sauka!" Kowa ya kashe waifan wayarsa, a bar masa hanya shi kaɗai har ya gama. Mu 'ya'yan manoma ba a yi mana bayani ba muka gane, gayya ce, sai dai a wannan gayyar taimakonka shi ne ka janye hannu. Mai tsawatarwa ita ce Anti Bilki, wata matar aure mai 'ya'ya uku da ta dawo karatu da girmanta. Muryarta tana kaiwa har ɗakin kwanan maza. Wani yaro ya taɓa cewa aikin malami zai tura, aka sauka masa, Anti Bilki ta leƙa ta ga dambe yake saukewa. Har aka yi hutu, in ya doso bishiyar sai a fara tafi, dole ya juya.

A shekarata ta biyu azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Ban taɓa ganin zafi irin na wannan shekarar ba. Injin rijiyar burtsatse ya lalace tun farkon wata, sai 'yan garuwa ke turo kura daga gari, ruwan ya iso da ɗumi kamar an dafa. Sahur ɗinmu garin kwaki ne da ƙuli, ran da aka yi sa'a taliya da manja a kan risho. Kafin hantsi maƙogwaro ya bushe. Mukan jiƙa zani mu lulluɓa, kafin ka juya ya bushe ƙayau. A aji malami yana magana, fanka a tsaye, kowa na fifita da littafi, babu mai ko ƙarfin yin surutu. Wayoyi ma zafi suke yi a hannu har su kashe kansu. Da la'asar hadari yakan haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mu fito muna kallo, sai iska ta taso ta watsa shi. In an kira magariba mukan haɗa abin da muke da shi a tabarma ɗaya, wannan ta kawo kunun tsamiya, waccan ƙosai, wata dabino uku a raba wa mutum shida. Ƙanƙara kuwa sai dai mu ji labarinta.

A gida abin ya fi haka tsanani. Ƙauyenmu yana ta wajen Sandamu. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, rumbu ya yi ƙasa tun kafin azumi, mutane sun yi binne suna jiran ruwa, tururuwa da zabi na tone irin. Mu kuma muna da namu ciwon daban, wato Yaya Lawal.

Shi ne ɗan farin Inna. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Inna ta wuce ta kowa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yayanku," da ya haihu kuma ya koma "uban Ummi." In ya shigo gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Amma in ta raba tuwo, kowa ya san malmalar da ta fi girma ta waye. Bayan rasuwar Baba shi ya riƙe gidan. Da amfanin gona ya ƙi shekara biyu a jere, sai ya fara zancen tafiya arewa neman kuɗi. Inna ta aika masa ta bakin ƙaninta Kawu Idi cewa ba ta yarda ba. Wata Lahadi ya ja sa ɗaya daga cikin shanun huɗarmu biyu, ya ce zai kai shi a duba masa kofato. A kasuwar Mai'adua ya sayar da shi, ya aiko da rabin kuɗin gida, ya tsallaka iyaka da sauran. Bai yi sallama da kowa ba, don ya san in ya tsaya a gabanta ba zai iya tafiya ba.

Sa ɗaya ba ya jan garma. A daminar nan da hannu muka yi huɗa, har Inna. Ranar da labarin tafiyarsa ya tabbata, tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta ce, "Wallahi ba zan ƙara ce masa uffan ba sai ran da na ga ƙwayar idonsa." Inna kuwa ba ta rantsuwar wasa. In ya kira wayar Kawu Idi aka kawo mata, sai ta tashi ta shige ɗaki.

Ni na zama ɗan aike. A Agadas yake, yana dako a tasha, kuma akwai wani shago kusa da su da ake biya a hau intanet. Yakan turo mini saƙon murya, in sauke a gindin darbejiya, in na je gida ƙarshen mako in ɗora wayar a kan turmi in ce, "Ummi, zo ki ji babanki." Ummi tana 'yar ƙarama a lokacin, a hannun Inna take tun da uwarta ta koma gidansu. Inna ba ta taɓa cewa in kunna ba, ba ta kuma taɓa cewa in kashe ba. Tsintsiya take ɗauka ta yi ta sharar gefen turmin, wuri ɗaya, har saƙon ya ƙare.

Ana cikin goman tsakiya na azumi ya turo wanda ya hana ni sukuni. Ya ce, "Rabi, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci motarmu za ta tashi zuwa wajen haƙar zinariya. Can cikin sahara ne, babu sabis, sai an yi watanni ba a ji ɗuriyar mutum ba. Ba na so in shiga ramin nan da fushin Inna a kaina. Ki yi mini ƙoƙari, ƙanwata. Ko kalma ɗaya ce."

Wannan ban ɗora shi a kan turmi ba. Na same ta a ɗaki na faɗa mata da bakina. Na ce ta yi magana in ɗauka in tura masa.

Ta ce, "Yafiya ba goro ba ce da za a ba da saƙonta. Na ce sai na ga idonsa."

Na ce, "Inna, a waya ma ana ganin ido. Yana motsi, yana magana, kina ganinsa yana ganinki."

"Hoto dai."

"Ba hoto ba ne, shi ne da kansa. Ki tambayi malamin ƙauyenmu in rantsuwarki ba ta fita ba."

Har na fid da rai. Can ta ce, "A ina ake ganin nasa?"

Za a ce me ya hana mu shiga cikin Daura mu sayi data. Na sha gwadawa. A lokacin sabis ɗin gari murya kawai yake iya ɗauka, ita ma tana kakkatsewa, fuska kuwa sai ta dagargaje. Wuri ɗaya na taɓa ganin fuskar Yaya tar, gindin darbejiya, ranar Juma'a. Na faɗa mata haka. Ta ce, "To, ba don shi zan je ba. Dama ina so in ga makarantar nan da take cinye mini gero."

Na shirya da Yaya cewa zai kira da zarar maza sun tafi masallaci, kafin shi ma ya tafi nasu. Na sami Anti Bilki na ba ta labari tun daga kan sayar da san huɗarmu. Ba ta bari na ƙarasa ba ta ce, "Ke dai kawo ta. Wadda ta hau waifai ranar nan, ni da ita ne."

Ranar Juma'a tun da hantsi Kawu Idi ya kawo ta a kan babur. Ta hana a zo da Ummi, kuma na san dalili, ba ta so yarinya ta ji abin da za ta faɗa. Ta sa atamfarta ta ƙasan adaka, tana ƙanshin ajiya. Da ta sauko na ga ta sa kwalli. Rabon Inna da kwalli tun rasuwar Baba. Na yi kamar ban gani ba, ita ma ta yi kamar ba ta sa ba.

Aka shimfiɗa mata darduma a saiwar da ta fi kusa da taga, wurin da ake faɗa a kansa. 'Yan mata suka yi ta zuwa suna durƙusawa, "Sannu da zuwa, Inna. Ya ibada?" Tana amsawa tana kallon farin akwatin da ke bango. Ta ce mini a hankali, "Wannan ɗan abin ne zai kawo shi tun daga Agadas?" Na ce shi ne. Ta ce, "Ikon Allah."

Maza suka fara wucewa masallaci da darduma a kafaɗa, Kawu Idi ya bi su. Da wurin ya zama saura mu, Anti Bilki ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Jama'a, yau ba aikin malami ba ne. Uwa ce za ta ga ɗanta. A sauka!" Ba ta tsaya nan ba, ta bi kowa ɗaya bayan ɗaya tana duba waya. Har matar da ke aiki a cikin laburare ta leƙo ta taga ta ce ita ma ta kashe kwamfutarta. Na duba tawa, alamar ta cika taf, abin da ban taɓa gani ba.

Muka zauna jira. Ko ganye ba ya motsi. Lasifikar masallaci ta fara kawo huɗuba, Yaya bai hau ba. Na kira, ba ta shiga. Gumi yana bin bayana, wayar tana zafi a hannuna, ina ta kare ta da gefen hijabi. Leɓen Inna ya bushe ya yi fari, tana jan carbi, ba ta tambaye ni komai ba. Mata kusan talatin a wurin, kowacce da fim ɗin da ta ƙwallafa rai a kansa tun farkon mako, babu wadda ta ko taɓa wayarta. Sai daga baya na yi tunanin watakila mai shagon ne ya rufe da wuri ya tafi masallaci, Yaya ya tsaya a ƙofa yana jira kamar yadda muke jira. Aka tayar da salla. Aka yi raka'a ta farko, aka yi ta biyu. Muna jin liman ya yi sallama, wayar ta yi ƙara.

Na amsa na miƙa mata. Ga shi nan, tar, har ƙurar da ke girarsa ana gani. Ya yi baƙi, ya rame, ya naɗa rawani irin na mutanen can. A bayansa ana jin hayaniyar tasha.

Ya ce, "Inna."

Ta riƙe wayar da hannu biyu. Wannan karon ba ta kalli bango ba, shi ta kalla. Ta yi ta kallonsa, shi ma yana kallonta, idonsa ya cika. Bakinta yana motsi amma babu abin da ya fito. Kunyar shekara talatin ba ta sauka a lokaci ɗaya. Na matsa kusa na ce, "Inna, yi magana, mota na jiransa."

Anti Bilki ce ta fara hango abin da babu wadda ta tuna da shi a cikinmu. Hanyar masallaci ta gefen laburare ta bi. Ga maza nan sun fito, ɗaruruwa, kowa da waya a aljihu, kuma waya in ta saba da waifai ba ta neman izinin mai ita, da ta shigo inuwa take kamawa da kanta. Ta ce, "Innalillahi! Ku tare su!" 'Yan mata suka zuba a guje, da azumi a bakinsu, cikin wannan rana, suna ɗaga hannu suna ihu, "A sauka! A sauka! Ku kashe!" Na gaba-gaba suka tsaya suna lalube a aljihu, ba su san me ake ciki ba. Na baya suna ta turowa.

A daidai nan Inna ta buɗe baki ta ce, "Lawal."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Na kalli wayar in ga yadda zai yi. Fuskarsa tana nan, bakinsa a ɗan buɗe, idonsa a kanta, amma ba ya ƙiftawa. Hayaniyar tasha ta ɗauke. Wani ɗan rubutu ya fito a sama yana cewa ana ƙoƙarin sake haɗawa. Inna ba ta karanta boko.

Ta ce, "Lawal, na yafe maka, duniya da lahira. San huɗar ma na yafe, dama ya tsufa. Ummi tana nan lafiya, ta iya wanke-wanke, bakinta irin naka. Ka riƙe salla. In kun shiga hanya ka sha ruwa, Allah ya ɗauke wa matafiyi azumi, kar ka yi taurin kai irin na ubanka."

Wayar ta fara wani ɗan kuka, ɗit, ɗit, ɗit. Inna ta ɗago ta ce, "Wannan kukan fa?"

Kafin in amsa, Anti Bilki ta dafa kafaɗata da ƙarfi ta ce, "Ci gaba, Inna, yana jin ki."

Ta ci gaba. Ta sa masa albarka, ta yi masa addu'ar da ban taɓa jin ta yi wa ɗayanmu a fili ba, ta sake kiran sunansa har sau biyu, kamar mai biyan bashin duk shekarun da ba ta kira ba. Sannan fuskar ta ɓace. Ta miƙo mini wayar ta goge ido da bakin mayafi, kwallin ya ɓata mata kunci. Ta ce, "Ko amin bai ce ba. Haka yake tun yana yaro, in ya yi laifi sai ya ƙame."

Kafin nan labari ya kai ga mazan, duk sun kashe. Suka tsaya cirko-cirko a rana, ɗan Dutsin nan ya miƙo kwanonsa ya ce a gwada da shi. Alama ta sake cika. Na kira, na sake kira, na yi ta kira har wayar ta kashe kanta don zafi. Wata ta ba ni tata na kira layinsa na can, a kashe. Da tawa ta huce na rubuta masa, "Inna ta yafe maka, ta kira sunanka." Saƙon ya tafi, amma alamar isarsa ba ta fito ba.

Inna ta yi wa kowa godiya, ta sa wa Anti Bilki albarka, ta hau bayan Kawu Idi. Tun da nake ban taɓa ganin ta da sauƙin jiki kamar ranar ba.

Da yammacin nan hadarin da ya yi wata guda yana yi mana rowa ya sauko. Iska ta fara zuwa, ta yaye kwanon wani aji, ta karya ƙarfen da ke kawo wa laburare intanet. Sannan ruwa ya ɓarke. Ƙanshin ƙasa ya cika ko'ina, 'yan mata suka fito da bokitai da tukwane suna tara suna guɗa, aka sha ruwa da ruwan sama mai sanyi. Ni ma na fito na tsaya a cikinsa, don a nan ne kawai zan yi kuka ba a tambaye ni dalili ba. Waifai bai dawo ba sai bayan ƙaramar salla. Na yi ta shiga gari ina duba saƙon, yana nan yadda yake.

Daminar ta yi kyau, binnen da ya tsira ya yi gero har ana mamaki. Ana cikin girbi wani mutumin Mai'adua da suka tafi tare ya dawo, ya nemi gidanmu. Ya ce rami ne ya rufta da su Yaya, su huɗu, tun kafin babbar salla. Na ja shi gefe na tambaye shi ko Yaya ya taɓa yi masa zancen kiran da ya yi ranar da za su tashi. Ya ce shi a wata motar yake, bai sani ba.

A zaman makoki mata suna ta kuka, Inna ce mai ba su haƙuri. Duk wadda ta zo sai ta ce mata, "Alhamdulillahi, mun rabu lafiya. Na gan shi da idona, na yafe masa yana ji." Ina gefe ina zuba wa baƙi ruwa. Na gama karatu, na yi aure, na fara koyarwa, maganar nan tana cikina. Duk wanda yake gindin bishiyar nan a ranar ya san abin da na sani, kuma har yau ban ji wanda ya fasa ba.

Yanzu an kafa ƙarfen sabis a bayan makarantar firamaren ƙauyenmu. Inna ta tsufa, idonta ya rage, amma ta saba da ganin jikokinta a waya, har tana faɗa in ba a kira ta ba. Juma'ar da ta wuce na je gaishe ta. Zafi ya hana zaman ɗaki, muna ƙarƙashin rumfa tana tsintar wake a faifai, sai ga kiran Ummi daga makaranta. Tana kwance a kan gadonta tana nuna wa kakarta ɗakin, ga fanka, ga taga. Inna tana yi mata faɗan ta riƙa cin abinci, sai hoton ya tsaya, bakin Ummi a buɗe, wayar ta fara ɗit, ɗit, ɗit.

Inna ta katse maganarta a tsakiya. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Ungo, ya tsaya. Ba ta ji. Bari sai ya dawo."

Na karɓa, na kasa ɗaga kai. Ta koma kan wakenta, tana fitar da tsakuwa tana jefarwa. Ban san tun yaushe ta gane ba, ko a wace shekara, ko a kan kiran wane jika. Ba ta taɓa nuna mini ba.

Can, ba tare da ta kalle ni ba, ta ce, "Rabi."

"Na'am, Inna."

"Sauran maganar na san inda ta tafi. Sunan fa? Ya shiga kafin ya tsaya?"

Na sha juya wannan tambayar a raina fiye da yadda zan iya faɗa, ban taɓa samun amsa ba. Na faɗa mata iyakar abin da na gani. Na ce, "Bakinsa a buɗe yake, Inna, kamar mai shirin amsawa."

Ta jinjina kai a hankali. Wayar ta sake ƙara a hannuna, Ummi ce ta dawo. Inna ta ce in bar ta tukuna. Ta ajiye faifan a gefe, ta juya fuskarta arewa, ta ce, "Lawal," a hankali, sannan ta yi shiru tana saurare.